Baba ya ce harkar albasa ta fi digiri, in tafi jami'a ko in zauna?

Wani matashi daga nan cikin garin Sakkwato ya aiko min da damuwarsa, shekararsa 23. Tun da ya ƙare sakandare yake tare da mahaifinsa a harkar albasa, su saya lokacin da take araha su zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, in ta yi kuɗi su loda mota zuwa kudu. Bana ya zana JAMB, Allah ya ba shi gurbin Biznes Admin a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, digiri na shekara 4. Mahaifin ya ce "mi za su koya maka can wanda ba ka gani nan, malamin da ko buhu ɗaya bai taɓa saidawa ba shi zai koya maka kasuwa?" Abokai kuma sun ce mai kwas ne na waɗanda sunka rasa likitanci da lauya, babu aiki cikinsa, ga shi kuma an ce mai karatun duk lissafin kuɗin ruwa ne. Tambayarsa ita ce ya tafi ko ya haƙura.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya neman shawara ba ka yi gaban kanka ba. Amsata ita ce ka tafi karatun nan, amma kar ka bar kasuwa, kuma kar ka taka ƙafarka cikin motar Dandima mai zuwa jami'a sai Baba ya sa maka albarka da bakinsa. Abu ukun nan tare suke tafiya, in ka ɗauki ɗaya ka yar da biyu to ba shawarata ka bi ba.

Bari in fara da maganar Baba dan ita ta fi nauyi, kuma wallahi akwai gaskiya cikinta ba kaɗan ba. Babu ajin da za a koya maka ka ɗauki albasa a hannu ka san ko za ta kai damina ko ba za ta kai ba, babu lakcar da za ta nuna maka dillalin da za ka ba amana da wanda in ya yi maka sallama sai ka ƙirga yatsunka, ko direban da zai kai kaya Mile 12 a Legas ya dawo da kuɗi cif, wannan ilmin shekaru ne da asara da haƙuri sunka ba mahaifinka kuma jami'a ba ta da shi. Ka yarda da wannan tun daga zuciyarka, ba wai dan ka lallashe shi ba. Yaran da sunka fi ba ni tausayi su ne waɗanda daga samista ɗaya sai su dawo gida suna gyara ma iyayensu magana, mutumin da ya ciyar da kai da wagga sana'a har ka kai munzalin zana JAMB ba jahili ba ne a kanta.

To amma akwai abin da kasuwa ba ta koyarwa sai ta hanya mai tsada, kuma nan ne karatun yake da amfani. Bari in ba ka misali da sana'arku, lambobin nawa ne na misali kawai, kai ka fi ni sanin farashin bana. Mu ce kun sayi buhu 100 a naira 30,000 kowane, kuɗi sun kama miliyan 3. Kun aje wata huɗu ko biyar, wata ta ruɓe wata ta tsiro wata ta tsotse, da anka zo sake aunawa buhu 70 anka samu. An saida kowane 55,000, kuɗi sun zama miliyan 3 da dubu 850. A bakin kasuwa za a ce an sayi 30 an saida 55, kusan ninki, kowa na murna. Yanzu cire kuɗin rudu da masu tsinta da masu loda da sabbin buhuna da la'adar dillali da kuɗin mota da abin da ake karɓa a hanya, mu ce 400,000, saura 450,000, wato kashi 15 cikin 100 na jarin da anka zuba. Sannan ka tuna a ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 34 cikin 100 a shekara, ma'ana cikin watannin nan da albasa take kwance miliyan 3 ɗin kanta ta rage ƙarfi, abin da za ta saya a watan Maris ba za ta saye shi a Agusta ba. Ka ga ribar da anka yi ta murna a kanta saura kaɗan ce. Kuma da an zauna an raba miliyan 3 da dubu 400 gida 70 tun farko da an san duk buhun da anka saida ƙasa da kusan 48,600 faɗuwa ce, ko da kuwa ya fi kuɗin saye nesa ba kusa ba. Wanga lissafin shi ake koyarwa a darasin akawu da na tsadar kaya, kuma ɗan kasuwa da yawa yana shekara da shekaru yana juya kuɗi masu yawa, mota na shiga mota na fita, amma jari na zaizayewa bai san ta ina ba.

Abin da za ka tarar cikin shekara huɗun kenan in ka sa hankali. Shekarar farko yawanci shimfiɗa ce, tattalin arziki, lissafin kasuwanci, tushen akawu, tushen gudanarwa, da darussan gama gari irin su Turanci. Daga nan a shiga kididdiga, dokokin kasuwanci da kwangila, tallata haja, sarrafa kuɗi, kula da ma'aikata, tsara samar da kaya da ajiyarsu, a shekarar ƙarshe kuma ka rubuta furojet, wato binciken kammala karatu. Kusan duk wanda ka ɗauka cikinsu yana da ɗan uwa a rumfar Baba. Dokar kwangila ita ce ranar da mai karɓar kaya a Onica ya ce ba haka anka yi da shi ba kuma babu ko takarda ɗaya sai waya. Darasin hatsarin kasuwanci shi ne abin da ya faru a farkon 2021 bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, lokacin da masu kayan abinci da dabbobi na arewa sunka dakatar da kai kaya kudu na ƴan kwanaki, albasa da tumatir sunka jibge nan farashi ya faɗi ƙasa warwas. Shi ne kuma rufe iyaka da Nijar a 2023 bayan juyin mulkin watan Yuli, tambayi mutanen Illela yadda sunka ji, har sai watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A shekara ɗaya tak, 2023, an yi ƙarancin takardun naira, an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, an saki naira a Yuni, duk wanda jarinsa ke kan hanya ɗaya da mai saye ɗaya ya ji jiki. Karatun ba zai hana irin waɗanga faruwa ba, amma zai koya maka ka tambayi kanka tun kafin su zo, in hanyar nan ta toshe ina zan kai kayana.

Kuma akwai abin da nake so ka yi tunani a kai duk da ba daɗin faɗi gare shi ba. Dubi manyan ƴan kasuwar da kake jin sunansu kana yaro a garin nan, nawa ne cikinsu kasuwancin ya rayu bayan ransu? Mafi yawa da an yi sadakar arba'in an raba gado shikenan, dan komai yana cikin kan mutum ɗaya, wanda ake bi bashi da wanda yake bi duk shi kaɗai ya sani, kuɗin cefane da kuɗin jari aljihu ɗaya ne, babu rajista babu littafi. Allah ya ƙara ma Baba lafiya da nisan kwana, amma wata rana ƙarfi zai ja baya, kuma ƙannenka da iyayenka mata wagga sana'a ce abincinsu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba ma mutum ɗaya damar ya yi rajistar ƙaramin kamfani a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC shi kaɗai, da can sai mutum biyu. Sanin yadda ake raba dukiyar kasuwa da ta gida, yadda ake rubuta hannun jarin kowa, yadda kasuwanci ke wucewa daga uba zuwa ɗiya ba tare da ya watse ba, in da shi kaɗai ka samo daga jami'a ya biya shekara huɗun. Alhassan Dantata ya rasu tun 1955 amma har yau ana kasuwanci da sunan gidan, kuma Aliko Dangote da ya fito daga tsatson ta wajen uwa ya tashi cikin kasuwa ya kuma je Azhar a Alƙahira ya yi karatun kasuwanci. Ba ina ce maka za ka zama shi ba, ina nuna maka ne gidan da sunka fi kowa sanin kasuwa ba su ga karatun a matsayin ɓata lokaci ba.

Maganar abokanka kuma rabi gaskiya ce. E, duk shekara jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha na yaye masu wanga kwas da yawan gaske, kuma babu kujerar da anka aje musu kamar yadda likita ke da asibiti. Wanda ya shiga dan kawai ya samu kwali ya jira a kira shi ofis, shi ne za ka gani yana yawo da fayil shekara da shekaru. Amma kai ba layinsu ɗaya kake ba, kai kana da abin da mafi yawan ƴan ajinku ba su da shi, wato kasuwa ta gaske da za ka gwada abin da anka koya maka yau gobe da safe. In ma daga baya ranka ya so aikin albashi, bankuna da kamfanoni irin na siminti da ke Kalambaina da ƙungiyoyin agaji da ma'aikatun gwamnati duk suna ɗaukar masu wanga digiri, sai dai suna duba aji. Digirin namu mai daraja aji-aji ne bisa CGPA, wato matsakaicin makin duk jarrabawowinka, da ake aunawa kan maki 5, daga 4.50 zuwa sama aji na ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 shi ne aji na biyu babba wato 2:1, 2.40 zuwa 3.49 shi ne aji na biyu ƙarami wato 2:2, 1.50 zuwa 2.39 aji na uku. Wurare da dama in sun yi tallar aiki 2:1 suke rubutawa, wasu su sassauta zuwa 2:2, haka in kana son digiri na biyu. Kuma abin da yara ba su ganewa sai lokaci ya ƙure shi ne makin tarawa ake yi tun daga samistar farko, wanda ya yi wasa a shekarar farko yana cewa ai da saura zai sha wuyar ɗago shi ko da ya dage daga baya.

Ka kula da lissafi dan Allah. Mutane na ɗauka Biznes Admin karatun surutu ne, haddace ka zuba, sai sun haɗu da lissafin kasuwanci da kididdiga da akawu sannan ido ya raina fata, nan ne kariyoba, wato faɗuwa darasi a maimaita shi, take kama mutane. Kai ka shekara biyar ko kusa rabonka da aji, hannunka ya yi sanyi, amma kanka ya saba da lissafin buhu da kuɗin mota wanda ɗan ajinku bai saba ba, dan haka ka nemi littafin lissafinka na sakandare ka fara bita tun yau kafin a buɗe. Ka koyi manhajar lissafi ta Excel ko da a shagon kwamfuta ne na wata ɗaya, dan in ka iya shi littafin bashin Baba gaba ɗaya zai shiga wayarka.

Sai batun kuɗin ruwa. Gaskiya ne za a koya maka yadda ake lissafa shi, ba zan ɓoye maka ba, yana cikin darasin sarrafa kuɗi. Amma sanin yadda abu yake daban, cin sa daban, kuma wanda bai san yadda ake lissafa riba ta banki ba shi ya fi saurin sa hannu a takardar da za ta halaka shi bai sani ba. Sannan fannin kuɗi na Musulunci yanzu ba labari ba ne a ƙasar nan, bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo a 2019, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci, na farko a 2017 na naira biliyan 100 dan gina hanyoyi, kuma wuraren nan na neman wanda ya san hanyoyin ciniki na Musulunci irin su murabaha da mudaraba da musharaka ya kuma san akawun zamani. Kai da ka tashi a garin Shehu ga malamai ko ta ina, ka haɗa karatun jami'a da babin ciniki na fiƙihu a zaure, ka ga ka riƙe abu biyu. Hukuncin wane aiki ya halatta wane bai halatta ba kuma ka kai ma malaminka, ba ni ke da wannan ba.

To yaya za ka shawo kan Baba? Ba da gardama ba, kuma ba a gaban yaran rumfa ko abokan kasuwancinsa ba, dan dattijo in ya faɗi magana cikin mutane janye ta na yi mai wuya. Ni a ganina ba karatun yake ƙi ba, tsoro yake ji, ya ga ɗiyan maƙwabta sun tafi jami'a sun dawo ba su ga ofis ba su ga kasuwa, suna jin kunyar ɗaukar buhu, kuma kai ne hannun damansa, in ka tafi wa zai ba amanar kuɗi. Wanga tsoron za ka amsa. Ka nemi wanda yake jin nauyinsa, baffanka ko kawunka ko limamin unguwarku ko wani aminin kasuwarsa da ɗansa ya yi karatu bai lalace ba, ku same shi da dare bayan isha'i. Ka gaya mai makarantar nan cikin gari take, ba Zariya ba ce ba Legas ba, ƙetare gadar Kwalkwalawa ne kawai, kwana gida za ka riƙa yi in ya so, Asabar da Lahadi da duk hutu kana rumfa, lokacin sayen albasa kuma duk abin da ba aji ba ne kana tare da shi. Kar ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka, dan jami'a na da ƙa'idar halartar aji kafin a bar mutum ya zana jarrabawa, kuma lokacin jarrabawa ba za ka iya bin mota kudu ba, ka faɗa mai haka tun yanzu ku nemi ƙaninka ko wani amintacce ya fara koyon abin da kake yi.

Kuma ka ba shi abin da zai gani da idonsa. Ka roƙe shi ya bar ka ka riƙe littafin kakar bana, kowane buhu da anka saya da ranar da farashin, kowace naira da ta fita har ta shayin leburori, kowane bashi da sunan mai shi da ranar biya, buhu nawa anka zuba a rudu nawa anka kwashe. Ka nuna mai ta ƙofar da ya sani, ai duk shekara yana zama ya ƙiyasta kayansa da kuɗinsa da bashin da yake sa ran biya dan ya fidda zakka, kashi biyu da rabi cikin ɗari, to ka ce mai abin da za a koya maka kenan a faɗaɗe, kuma da littafi a hannu zakkar ma za ta fita daidai babu kokwanto. In ƙarshen kaka ya zo ka aje mai takarda ɗaya, ga abin da munka zuba ga abin da ya dawo ga inda kuɗi ke tsiyaya, kar ka ƙara da ko kalma ɗaya ta "ai na faɗa". Shi ɗan kasuwa ne, zai karanta ta fiye da yadda kake tsammani.

Kuɗin makaranta in Baba ya ce ba zai biya ba kar ka mai da shi abin rigima. Akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024, babu ruwa a kansa, suna biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta su kuma ba ɗalibi 20,000 duk wata in ya nema, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi ne dai, ka riƙe shi a matsayin bashi. Amma ni na fi so ka roƙi Baba ya ware maka buhu kaɗan naka na kanka ka juya, ribar ta riƙe maka kuɗin mota da takardu, ka ga ko faɗuwa ka yi ka koyi abin da babu a allo. Ka kuma sa a ranka shekara huɗu kan iya zarcewa, yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ɗauka daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ko da haka a shekarunka za ka gama kafin 30, dan haka bautar ƙasa ba za ta wuce ka ba, kuma lokacinta ne da yawa ke yin jarrabawar cibiyar masu gudanarwa ta NIM, wasu kuma su karkata ga ta cibiyar akantoci ta ICAN in akawu ya kwanta musu.

In duk an yi wannan Baba ya ce a'a, to ka tsaya, kar ka tafi cikin fushinsa. Ka je ofishin rajista ka tambayi ƙa'idar ɗage gurbi zuwa baɗi, ko ka duba buɗaɗɗiyar jami'a NOUN da ke da cibiya nan Sakkwato, ana yin wanga kwas ɗin a can kana kasuwarka kana karatu, ga kuma kwalejin Umaru Ali Shinkafi in difloma ta fi sauƙi a fara da ita, daga baya ka shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Littafin kaka dai ka riƙe shi ko an yarda ko ba a yarda ba.

Abin gaggawa yanzu shi ne ka shiga shafinka na JAMB ka tabbatar ka danna karɓar gurbin a CAPS, wato sashen da ake ba da gurbi, dan barin ta na iya sa a ba wani, ka kuma bincika ranar rufe rajista ka rubuta ta. Sannan cikin satin nan ka je gidan baffan naka da kanka, ba ta waya ba. Allah ya daidaita tsakaninka da mahaifinka, ya sa albarka a karatun da kasuwar. Ka rubuto min yadda kunka ƙare.